Zoben Hayaƙin Kelvin da Tambayar Mai Imani

A watan Janairun 1867, a birnin Edinbura na ƙasar Sikotilan, wani malamin jami'a mai suna Peter Guthrie Tait ya kira abokinsa William Thomson ya zo ya ga wani abu. Akwati ne aka huda wa rami zagayayye a gaba, aka cire bayansa aka ɗaure da ƙyalle tamau. A ciki Tait ya haɗa magungunan da ke tayar da farin hayaƙi mai kauri. Da ya bugi ƙyallen, sai zoben hayaƙi ya fito ta ramin, ya ratsa ɗakin bai watse ba. Idan zobba biyu suka yi karo, sai kowanne ya ja da baya yana karkarwa. Aka sa wuƙa a yanka ɗaya, ya goce wa kaifin ya ci gaba da tafiyarsa.

Thomson shi ne wanda duniya ta fi sani da Lord Kelvin, sunan da aka ba shi a 1892. Yana ɗan shekara 22 ya zama farfesa a Jami'ar Gilasgo. Sunansa ne a kan ma'aunin zafin da masana ke aiki da shi har gobe, kuma yana cikin waɗanda suka sa wayar tangaraho ta ratsa ƙarƙashin tekun Atilantika a 1866. Wannan mutumin ne ya dubi zoben hayaƙi ya ce a ransa ya gano abin da aka yi duniya da shi.

Ni malamin kimiyyar sinadarai ne a makarantar sakandare, kuma Musulmi ne da ya yi karatun tauhidi a zaure tun kafin ya san menene ƙwayar zarra. Labarin Kelvin ya dame ni ne saboda ƙishin da ya kama shi irin nawa ne. Wanda ya yarda Mahalicci ɗaya ne, zuciyarsa takan so ta ga halitta ma ta koma ga tushe ɗaya, a ce ga doka guda wadda ta riƙe gishiri da ƙarfe da rana da taurari. Tambayata ita ce: idan wani ya zo da irin wannan doka, kyakkyawa, mai daɗin ji, mai kama da abin da imanina ke marmari, shin imanin nawa ya zama shaida a kanta?

Sai an ga kyawun ra'ayin Kelvin kafin a gane nauyin tambayar. Masanan zamaninsa sun ɗauka sarari ba fanko ba ne, cike yake da wani abu mai kama da ruwa, wanda ba a gani ba a taɓawa, suka kira shi eta, suka ce a cikinsa haske ke tafiya. A 1858 wani Bajamushe, Hermann von Helmholtz, ya nuna da lissafi cewa a ruwan da ba shi da danƙo ko kaɗan, idan juyi ya kafu to ya kafu ke nan, ba ya tsinkewa, ba ya mutuwa. Idan kuma babu shi, ba abin da ke cikin ruwan da zai iya haifar da shi. Kelvin ya haɗa wannan da abin da ya gani a ɗakin Tait, ya ce ƙwayar zarra ba komai ba ce illa zoben juyi a cikin eta. Bambancin sinadarai kuwa bambancin ƙulli ne: wani zobe ne sak, wani zobe ne da ya ƙulle kansa, wani zobba biyu ne a sarƙe. Duk wanda ya taɓa bin zaren dagi a jikin babbar riga da yatsa, ya ga yana shiga yana fita ba farko ba ƙarshe, ya san irin ƙullin da ake nufi. Cikin 'yan makonni Kelvin ya gabatar da wannan ra'ayi a gaban ƙungiyar masana ta Edinbura.

Abu uku ya yi alkawarin warwarewa da bugu ɗaya. Me ya sa ƙwayar zarra ba ta lalacewa? Don juyi ba ya mutuwa. Me ya sa sinadarai suke iri-iri amma kowane iri ƙwayoyinsa daidai suke da juna? Don ƙulli iri-iri ne, kuma wani ba ya rikiɗa ya koma wani sai an yanka. Na ukun shi ne ya kai maganar har sama, wato hasken da kowane sinadari ke fitarwa.

Wannan abu ne da nake nuna wa ɗalibaina kowace shekara. Sai in tsoma bakin siririyar waya a ruwa, in dangwali gishirin miya, in sa a harshen wutar gas mai shuɗi. Nan take wutar ta rine ta koma ruwan ɗorawa, har fuskokin yaran da ke gaba su ɗauki launin. Duk matar da miyarta ta taɓa tafasa ta zubo kan murhun gas ta ga wannan walƙiyar. Sinadarin sodiyam da ke cikin gishirin ne ke yin ta. Idan aka bi da hasken ta na'urar da ke rarraba launuka, sai a ga ashe layi biyu ne sirara, kusa da juna ƙwarai. A 1859 Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen, a garin Haidelbag na Jamus, suka tabbatar cewa kowane sinadari yana da layukansa da ba ya tarayya da kowa a kansu, kuma waɗannan layuka biyu na sodiyam suna nan a hasken rana, a daidai gurbinsu. Shekara 24 kafin nan masanin falsafar Faransa Auguste Comte ya rubuta cewa ɗan Adam ba zai taɓa sanin sinadaran da ke cikin taurari ba. Sai ga shi an karanta su daga ƙasa. A 1868 har aka ga layin wani sinadari a rana wanda ba a san shi a duniya ba, aka sa masa suna hiliyam, ba a same shi a ƙasa ba sai 1895.

Kelvin ya ce wannan haske karkarwar zobba ce, kowane ƙulli da irin karkarwarsa. Har ya yi hasashen cewa ƙwayar sodiyam zobba biyu ce masu kusan girma ɗaya, sarƙe da juna, shi ya sa layinta ya zo biyu. Dubi abin da aka samu: abu ɗaya tak, wato eta, da motsi ɗaya tak, wato juyi, daga nan sai gishiri da zinariya da hasken taurari duk su fito. James Clerk Maxwell, wanda ba a yi kamarsa a fannin ba a wancan ƙarni, ya yaba wa ra'ayin a rubuce a 1875.

Ra'ayin bai tsaya a kimiyya ba. Kelvin Kirista ne mai riƙo da addininsa, kuma ya faɗa a fili cewa tunda juyi ba ya haifar da kansa a irin wannan ruwa, samar da shi sai dai ikon halitta. A 1874 John Tyndall ya yi wani jawabi a Belfas wanda mutane suka ɗauka a matsayin shelar cewa kimiyya ta sallami addini. Shekara guda bayan haka Tait da wani masani, Balfour Stewart, suka mayar da martani da littafi kan duniyar da ba a gani. Suka jingina da eta da zobban juyi suka ce ilimin fiziks da kansa yana nuna akwai wata duniya bayan wannan, kuma rai yana iya wanzuwa a can bayan mutuwa. Littafin ya karɓu, aka yi ta sake buga shi. Ina jin tausayin niyyarsu, don na san zafin ganin ana yi wa imani ba'a da sunan ilimi. Amma sun ɗora maganar lahira a kan eta, alhali ba wanda ya taɓa auna eta.

Aiki kam an yi. Tait ya shafe shekaru daga 1876 yana zana ƙulle-ƙulle yana jera su, daga baya Thomas Kirkman da Charles Little suka shigo, har aka kai ga masu mahaɗa goma. Wani saurayi a Kambirij, J. J. Thomson, ya ci babbar kyautar lissafi ta jami'ar a 1882 da nazarin yadda zobban juyi za su haɗu su ba da haɗuwar sinadarai. Duk da haka ba a samu ko ƙulli ɗaya da za a ce wannan shi ne oksijin, ga nauyinsa, ga layukan haskensa, je ka auna ba. Ra'ayin ya kasa bayyana dalilin da ya sa abubuwa ke da nauyi suna jan juna. Lissafi ma ya nuna zoben juyi idan aka ƙara masa ƙarfi buɗewa yake yi ya rage gudu, alhali ƙwayoyin iska in sun ɗau zafi ƙara gudu suke.

A daidai wannan zamani wani Barashe, Dmitri Mendeleev, ya bi wata hanya dabam. A 1869 ya jera sinadarai bisa nauyinsu da halayensu, ya bar gurabe fanko, ya ce akwai sinadaran da ba a gano ba tukuna, ga nauyin da za su zo da shi. A 1875 aka gano ɗaya a Faransa, galiyam. Wanda ya gano shi ya auna ya ce ya ninka ruwa nauyi sau 4.7. Mendeleev, wanda bai taɓa ganin sinadarin da idonsa ba, ya ce a sake aunawa, kamata ya yi ya kusa 5.9. Aka tace shi sosai aka sake aunawa, aka samu 5.9. Mendeleev ya faɗi maganar da za a iya kama shi da ita, ya miƙa wuyansa ga ma'auni. Kelvin ya faɗi maganar da ta fi tasa faɗi da kyau, amma ba ta da wajen kamawa.

Daga nan ginin ya fara zubewa. A 1887 wasu masana biyu a Amurka, Michelson da Morley, suka nemi alamar tafiyar duniya a cikin eta, ba su gani ba. A 1897 J. J. Thomson ɗin nan da ya ci kyauta kan zobba ya gano ilektoron, ya nuna ƙwayar zarra tana da 'ya'ya a cikinta. A 1905 Einstein ya nuna ana iya bayanin haske ba tare da eta ba sam. A 1913 Niels Bohr ya lissafo layukan hasken haidurojin suka fito daidai da abin da aka auna, a shekarar kuma Henry Moseley ya nuna abin da ke bambanta sinadarai ƙidaya ce: haidurojin 1, hiliyam 2, sodiyam 11, ƙarfe 26, zinariya 79. Layuka biyun gishiri ma an gano dalilinsu bayan 1925, daga wata ɗabi'a ta ilektoron, ba daga zobba sarƙaƙƙu ba.

A ɓangaren falaki ma haka ta faru da Kelvin. Ya lissafa cewa zafin rana daga matsewarta yake zuwa, don haka ba za ta wuce wasu miliyoyin shekaru tana haske ba, ya yi ta jayayya da masanan duwatsu da ke cewa duniya ta fi haka tsufa nesa. Amma ya bar ƙofa a buɗe, ya ce sai fa idan akwai wata taskar zafi da ba a sani ba. Ashe akwai. A 1920 Arthur Eddington ya kawo shawarar cewa rana tana narka haidurojin ne ya koma hiliyam. A 1925 Cecilia Payne ta nuna taurari galibinsu waɗannan sinadarai biyu ne. A 1939 Hans Bethe ya fayyace yadda narkewar ke gudana, a 1957 kuma masana huɗu, cikinsu har da Fred Hoyle, suka nuna yadda ake ƙera sinadarai masu nauyi a cikin taurari. Yau ana ƙiyasta shekarun rana da kusan biliyan 4.6.

Ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Haɗin kan da Kelvin ya hanga gaskiya ne. Dokar da ke cikin gishirin miya ita ce a cikin rana, kuma ƙarfen da ke cikin jininmu a cikin taurari aka dafa shi. Bai yi kuskure ba da ya sa rai halitta tana da tushe ɗaya. Inda ya faɗi shi ne da ya ɗauka tushen dole ya zo da siffar da ta burge shi. Allah Ya yi halittarSa bisa tsari, amma bai yi wa kowa alkawarin cewa tsarin zai dace da abin da idonsa ke so ba. Tsarin da aka tarar daga baya ya fi zoben hayaƙi wuyar zanawa, ya fi shi ban mamaki, kuma ba wanda ya zauna ya hango shi da tunani kawai. Ma'auni ne ya ja mutane zuwa gare shi, wasunsu suna turjewa.

Mu ma muna da irin wannan darasi a gidanmu. Malaman ilimin kalami, irin su Baƙillani wanda ya rasu a 1013, sun gina hujjar faruwar duniya a kan jauharul fardi, wato ƙwayar da ba ta rabuwa, da sifofin da ke bijiro mata suna gushewa. Hujja ce mai tsari, an karantar da ita ƙarni bayan ƙarni. Amma Ibn Rushd da Ibn Taimiyya, waɗanda suka saɓa a abubuwa da yawa, duk sun ƙi yarda a rataye sanin Allah a wuyan wannan ƙwaya. Wanda ya karɓe ta da wanda ya ƙi ta duk sun mutu suna masu tauhidi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa kaɗaita Allah bai taɓa zama a kan wani ra'ayi game da yadda aka ƙera ƙwayar zarra ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi gargaɗi ta ɗaya gefen a farkon littafinsa na raddi ga masana falsafa: wanda ya musa lissafin husufi da sunan kare addini cutar da addinin yake yi, don mai hujja a hannu ba zai yi shakkar hujjarsa ba, addinin zai yi shakka.

Abin da ya fi waɗannan duka ƙarfi a wurina shi ne ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu a Madina, rana ta yi husufi. Mutane suka ce saboda rasuwar yaron ne. Ga hujja ta faɗo daga sama kyauta, kowa ya gani da idonsa, kuma da an yi shiru da ta ƙara wa mutane girmama Annabi. Bai yi shiru ba. Ya tashi ya gaya musu rana da wata ayoyin Allah ne, mutuwar wani ko rayuwarsa ba ta sa su husufi. Ya ƙi hujjar da take goyon bayansa domin ba gaskiya ba ce. To ni wane ne da zan rungumi wani lissafi don kawai ya yi wa imanina daɗin baki?

Wani zai ce, ai wannan ƙishin na haɗa komai wuri ɗaya shi ne ya kai masana ga manyan nasarori, kuma mai imani ya fi kowa dalilin jin sa. Na yarda. Abdus Salam na Pakistan bai ɓoye ba cewa imaninsa da Allah ɗaya yana ƙarfafa masa neman haɗin kan dokokin halitta, har ya karanta ayar Alƙur'ani a bikin karɓar kyautar Nobel a 1979. Amma da wa ya raba kyautar? Da Sheldon Glashow da Steven Weinberg, shi kuwa Weinberg bai yarda da addini ba ko kaɗan, kuma ya isa ga lissafi iri ɗaya da na Salam. Abin da ya tabbatar da aikinsu na'ura ce: a 1983 aka ga ƙwayoyin da suka yi hasashe a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janeba. A 1974 Glashow ɗin da Howard Georgi sun kawo wani ra'ayin da ya fi wancan faɗi da kyau, wanda ya ce firoton, ɗaya daga 'ya'yan ƙwayar zarra, yana ruɓewa a hankali. Aka haƙa ƙasa a Amurka da Japan, aka cika manyan tankuna da tsabtataccen ruwa, aka zauna jira shekara da shekaru, ba a ga ruɓewar ba, aka ajiye ra'ayin a yadda suka kawo shi. Ƙishi ɗaya ne ya haifi ra'ayoyin biyu. Yana tayar da mutum ya fita nema, amma ba ya gaya masa ko ya samu.

Kuma faɗuwar ra'ayi ba asarar wahala ba ce. Jadawalin da Tait ya zana don neman sinadarai shi ya zama tushen wani reshe na lissafi, ilimin ƙulle-ƙulle, har wasu hasashensa ba a tabbatar da su ba sai 1987. Yau masu nazarin ƙwayar gado ta DNA suna amfani da shi wajen gane yadda zarenta ke sarƙewa da warwarewa. A 1989 Jean-Pierre Sauvage da abokiyar aikinsa a Faransa suka ƙera ƙullallen sinadari na gaske. Aikin da aka yi da gaskiya yakan bar gado ko da manufar farko ta rushe. Kelvin kansa, a bikin cikarsa shekara 50 yana farfesa a 1896, a gaban manyan baƙi daga ƙasashe da dama da suka zo yaba masa, ya ce babban ƙoƙarinsa na gano alaƙar eta da lantarki da abubuwa masu nauyi bai kai ga gaci ba. Wannan furuci ya fi zoben nasa daraja a wurina, don shi ne halin mai riƙon amana.

Har yau ba a daina kawo irin waɗannan ra'ayoyi ba. Ɗalibai kan zo mini da labarin wani da ya gano lissafi guda da ya bayyana sinadarai duka da taurari duka, wai masana sun haɗa baki sun danne shi, wani lokaci ma an liƙa wa lissafin sunan Allah. Ba na kore su, kuma ba na raina mai nema don ba ya cikin manya, tunda Einstein ma ma'aikacin ofis ne a 1905. Abin da nake ce musu shi ne mu tambayi mai ra'ayin abu biyu. Wane adadi ka faɗa tun kafin a auna, wanda in an auna za a iya samun ka yi kuskure? Kuma me za a gani ka ce ka janye? Mai amsa waɗannan ya cancanci a zauna a saurare shi da zuciya ɗaya, ko daga ina ya fito.

Wanda kuwa aka tambaye shi adadi ya amsa da sunan Allah, ya ɗauki abin da ya fi komai girma ya ba da shi jingina a kan bashin da bai tabbata zai iya biya ba. Ranar da lissafinsa ya rushe, yaron da ya gaskata shi zai ɗauka wani abu na addininsa ne ya rushe, kuma wannan nauyi ne da za a tambayi mutum a kansa. Na yi imani cewa Allah ɗaya ne tun kafin a haifi Kelvin, kuma ɗaya ne bayan an binne ra'ayinsa, kuma imanin nan ba ya jiran sakamakon wani gwaji. Shi ya sa nake iya duban kowane sabon ra'ayi ba tsoro ba kwaɗayi, in bar ma'auni ya yi aikinsa, in karɓi abin da ya fito ko bai yi mini daɗi ba. Abin da tauhidi ya ɗora mini a gaban ɗalibaina shi ne kada in yi wa halittar Allah shaidar zur, ko da shaidar tana goyon bayana.